Wandon Iska

Litinin, 16 ga Satumba, 1985, da yamma

Sun zo. Tun rana ba ta gama fitowa ba na ji su a sama, shuuu, kamar ana sheƙar hatsi. Tsuntsaye jan-baki. Bara ta Maiha suka bi, mu labari kawai muka ji muna cewa Allah sarki. Bana kuwa gonata suka nufo kai tsaye kamar ni na aika musu goron gayyata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dawar ta yi kyau. Tun da mijina Vandi ya rasu ban ga gonar nan ta fitar da kai irin na bana ba. Ƙwayar tana madara, in ka matsa da farce sai farin ruwa ya fito, kuma daidai lokacin da tsinannun suke so ke nan. Dawar nan ita ce abincinmu har wata damina, ni da Kaka uwar Vandi, da 'yata Christy in ta dawo hutu daga makaranta. Ɗinki ba ya riƙe gida a Digil. Sai Kirsimeti ta matso mutane suke tuna akwai tela mai suna Liyatu.

Na ɗaura gwangwanaye a igiya na yi ta ja har kafaɗata ta mutu. Su tashi nan su sauka can. Muryata ta dushe.

Talata, 17 ga Satumba, bayan faɗuwar rana

Jirgin feshi ya sauka a filin jirgi da safe, ɗan ƙarami mai ruwan ƙwai. Malam Ɗahiru jami'in gona ya bi unguwa a kan babur yana cewa mu kwantar da hankali. Wai tsuntsayen a wuri ɗaya suke kwana, cikin dogayen ciyayi da ƙayar bakin mayo, wato kogin nan namu, in rana ta faɗi suka taru jirgi zai bi ta kansu ya zuba musu magani, shi ke nan. Mata har da guɗa.

Muka zauna a ƙofar gida muna kallon sama har duhu ya shigo. Jirgi bai tashi ba. Kaka, da idonta ya daɗe da tafiya, ta ce, "Liyatu, jirgin ya tashi?" Na ce bai tashi ba.

Daga baya na ji dalili. Seth ne ya ce a'a.

Seth! Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a bayan nan nawa lokacin da Mama ta kwanta ciwonta na ƙarshe. Shi ne mai duba yanayi a filin jirgi. Aikinsa ke nan, ya zauna a ɗan ɗakin kwano, ya leƙa wani farin akwati mai ƙafafu, ya ɗaga kai ya kalli gajimare, ya yi magana da mutanen Yola ta rediyon oba-oba, sannan ya gaya wa direban jirgi ko ya tashi ko ya zauna. Ni ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Ashe wata rana tuwona ne zai rataya a bakinsa.

Alhamis, 19 ga Satumba, da rana

Jiya ma bai tashi ba. Ɓangaren gonar da ke kusa da tsamiya ya tafi, zangarniya ta zama fayau kamar tsintsiya.

Juma'a, 20 ga Satumba, da yamma

Na je na same shi. Na bar gwangwanaye na taka har filin jirgi da tsakar rana, zanina duk ƙaiƙayi. Yana zaune da farar rigarsa, biro a aljihu. Rigar ma ni na ɗinka.

"Adda, sannu da zuwa. Ki zauna, ki sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Me ya sa ka hana jirgi tashi?"

Ya fita da ni waje ya nuna mini wani dogon ƙarfe, a samansa an ɗaura wani jan ƙyalle kamar wando mai ƙafa ɗaya. Wandon iska suke ce masa. Iska ta shiga ta babban bakin ta fita ta ƙaramin, ya miƙe yana nuna yamma.

"Kin gani? Yola sun ce duk makon nan, da rana ta faɗi iska za ta sauko daga duwatsun gabas. Wandon ma abin da yake faɗa ke nan. Tsuntsayen suna gabas da ku, Adda. In aka yi feshi cikin iskar nan, maganin ba zai tsaya a kansu kaɗai ba. Kan gidajen Digil zai tafi, da wurin ɗiban ruwa."

Na ce, "Wace iska? Wannan 'yar iskar da ko ɗankwalina ba ta ɗagawa?"

Ya ce a ƙasa ba a jin ta saboda itatuwan dalbejiya da suka kewaye filin, amma a sama tana nan, a bakin mayo ma tana nan. Ya ce kofunan nan masu juyawa da suke auna ƙarfinta sun lalace tun bara, ya rubuta ba a kawo wasu ba, saboda haka da wandon da maganar Yola yake aiki.

Na ce, "To Yola za ta ci da mu? Wandon zai ci da Kaka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, za ta kwanta."

Haƙuri. Shi da yake karɓar albashi ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Na tafi ban yi masa sallama ba, kuma ban ji komai a raina ba sai haushi.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan coci

Ban so zuwa ba, tsuntsu bai san Lahadi ba. Amma na je. Fasto ya yi addu'a a kan gonaki, kowa ya ce amin yana satar kallona. A bakin ƙofa Baba Kalibu, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya tare ni a gaban jama'a.

"Maman Christy, wannan ɗan'uwa naka yana so mu mutu ne? Tsuntsu ya gama mu, shi yana kallon wando."

Na ce, "Baba Kalibu, ka tambaye shi. Ni ma cinye ni ake yi."

Seth da matarsa Margret suna can gefe, babu wanda ya gaishe su. Margret ta taho da murmushinta ta ce, "Adda, in abin ya yi tsanani ai gidanmu gidanki ne, buhun masara ba zai gagara ba." Kai! Ni Liyatu, da na yi wa mijinta wanka yana tsirara, yau ni za a auna wa masara a kwano? Na ce ta riƙe masararta, ni gona gare ni.

Na dawo na tarar sun sauka baƙi ƙirin. Kaka ta ce, "Jirgin ya tashi?" Na ce yau Lahadi, Kaka. Kamar da Litinin ce zai tashi.

Talata, 24 ga Satumba, da yamma

Baba Kalibu ya tara manoma muka tafi filin jirgi, maza da mata. Malam Ɗahiru yana gaba, shi ma idonsa ya yi ja, wai manyansa sun dame shi, jirgi yana zaune ga wasu garuruwa suna jira. Direban jirgin, da suke ce wa Kyaftin, yana kwance a inuwar fiffike ya rufe fuska da hula. Da hayaniya ta yi yawa ya tashi ya yi Turanci mai tsawo yana nuna dogon ƙarfen.

Malam Ɗahiru ya juya mana. "Kyaftin ya ce shi ma ya gaji. Ya ce Yola ta yi nisa, ba ta ganin abin da ke nan. Duk yammar da ya ga wandon nan ya kwanta a jikin ƙarfe, zai tashi, ko Yola ta ce me."

Seth ya ce ba haka ake yi ba, sai an haɗa biyun. Babu wanda ya saurare shi. Wata mata ta ce masa mugu. Ya kalle ni, wai ko zan ce wani abu. Na kau da kai.

Duk muka ɗaga ido muna kallon wandon. Yana nan a miƙe, yana kaɗawa hankali kwance. Tsumma. Abincin gari guda a hannun tsumma.

Laraba, 25 ga Satumba, da safe

An yi hadari jiya da iska mai ƙarfi. Dawa ta kwanta a gefe ɗaya, amma za ta tashi. Su kuwa ko a jikinsu, da gari ya waye suka dawo.

Laraba dai, da la'asar

Seth ya zo gidana a kan basukur ɗinsa, da abu a naɗe cikin takardar siminti. Ya gaida Kaka ya durƙusa har ƙasa, ta shafa kansa. Sannan ya buɗe. Wandon iska ne, hadarin jiya ya yage shi tun daga tsakiya har ƙaramin bakin.

"Adda, ki taimaka. Ba mu da wani. Na ɗaura ɗan ƙyalle a ƙarfen kafin nan, amma Kyaftin ya ce shi ba ya aiki da ƙyalle."

Na ce, "Telolin kasuwar Mubi sun mutu ne?"

Ya ce, "Ɗinkinki ba ya warwarewa."

Dubi rashin kunya. Abin da yake kashe ni da shi, shi ya kawo mini in gyara masa. Na so in jefa masa a fuska. Ban jefa ba. Na ce ya ajiye a kan keken ɗinki, in na samu lokaci.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure ya ce Yola sun ce wataƙila farkon mako mai zuwa iskar ta kwanta. Na ce farkon mako mai zuwa sai ya zo ya taya ni girbin kara.

Alhamis, 26 ga Satumba, da rana

Rabin gonar ya tafi. Na tsaya a tsakiya na yi ihu har na zauna a ƙasa na yi kuka, ba wanda ya gani sai su. Ko tashi ba sa yi yanzu in na ja igiya, sun saba da gwangwanin kamar kiɗa nake yi musu.

Wandon yana nan a kan keke. Na ɗaga shi, ba shi da nauyin komai, ɗankwalina ya fi shi.

Juma'a, 27 ga Satumba, da hantsi

Na je mayo da sassafe na ɗebo yashi a ƙwarya. Na wanke tukwane ne. Kaka ta ce yaushe na fara zuwa har mayo don yashin wanke-wanke, ga toka a murhu. Na ce Kaka ki bar ni.

Na yi ɗinkin. Na kalmasa ƙaramin bakin da faɗi, ninki biyu, na bi tsawonsa ma da wata kalmasar ta ciki. Allura biyu na karya. Aiki ya yi kyau, ba mai ganin komai daga waje.

Ni dai an ce in gyara, na gyara.

Juma'a, bayan faɗuwar rana

Na san yadda Seth yake yi kullum. In ya gama magana da Yola da la'asar ya ce wa Kyaftin a'a, sai ya hau basukur ya tafi bakin mayo ya sallami mutanen da aka ajiye su kunna wuta don jirgi ya ga wurin. Ta bayan gonata yake wucewa. Na ga farar rigarsa ta wuce, sannan na ɗauki ƙunshin.

Baba Tsoho maigadin filin ne ya karɓa. Ya jinjina shi a hannu ya ce, "Madam, wandon nan tuwo ya ci ne?"

Na ce, "Ninki biyu na yi masa kada ya sake yagewa."

Ya ce, "Aikinki na kyau." Ya sauko da igiya ya ɗaura ya ja shi sama.

Ya kwanta a jikin ƙarfen, shiru, kamar wanki bai bushe ba.

Malam Ɗahiru ne ya fara gani. Ya ruga wajen Kyaftin yana nunawa. Kyaftin ya cire hula ya kalli sama, ya tsinko ciyawa ya sake ta, ta faɗi kusa da takalminsa. Ya kalli agogo. Ban tsaya ba, na kama hanyar gida.

Ina ƙofar gida na ji ƙarar jirgin. Duk Digil ta fito, ana tafi, ana guɗa. Kaka ta ce, "Jirgin ya tashi?" Na ce, "Ya tashi, Kaka." Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah.

Sai wari ya iso. Kamar kananzir da tafarnuwa. Na shigar da Kaka ɗaki na toshe taga da zani.

Asabar, 28 ga Satumba

Ba abin da zan rubuta yau.

Lahadi, 29 ga Satumba, da yamma

Ba a yi coci sosai ba. Tsuntsaye sun mutu tuli a bakin mayo, sauran sun yi arewa. Gona shiru, har kunnena yana ƙara don rashin sabo. Malam Ɗahiru yana bin gida gida yana roƙo kada kowa ya ci mushen tsuntsu, kada a ɗebi ruwan mayo, kada a taɓa kifin da ya taso. Kajina sun mutu. Awakin Baba Kalibu da suke ɗaure ta gabas sun mutu. Yara da yawa sun yi amai amma sun tashi.

Seth yana asibiti.

Masu kunna wuta suka ba da labari. Wai yana cikin sallamarsu suka ji ƙarar jirgi, sai suka ce ai oga ya canja magana, suka cinna wa ciyawar wuta. Shi kuma ya yi ta tattake wutar da ƙafa, ya cire riga yana kaɗa wa jirgin. Da ya ga ba a gan shi ba sai ya ruga wurin ɗiban ruwa yana korar mata, ku gudu, ku bar tulunan, ku rufe hanci. Matan suka gudu. Shi yana tsaye a fili ba riga lokacin da abin ya sauko.

Wa ya aike shi? Babban mutum da iliminsa, ka ga jirgi yana zuwa ka cire riga?

Talata, 1 ga Oktoba, da rana

Na je asibiti. Margret tana bakin ƙofar ɗakin, ta ga na taho ta miƙe ta tare hanya. Ba ta ce Adda ba. Ta ce likita ya hana shiga. Ina gani wata 'yar cocinmu ta fito daga ciki da kwano.

Na leƙa ta taga. An sa masa ruwa a hannu. Yawu yana zuba ta gefen bakinsa, yatsunsa suna rawa a kan zanin gado kamar mai kaɗa kalangu. Na tsaya kaɗan na tafi. Ƙafata ce ta yi ciwo, shi ya sa ban daɗe ba.

A hanya na haɗu da Baba Kalibu. Wai, "Kin gani? Ya hana jirgi kwana da kwanaki, ranar da iska ta fi yawa ya bar shi ya tashi. Awakina fa? Wa zai biya?" Na ce masa, "Baba Kalibu, kai ne ka fi kowa tafi ranar Juma'a, da idona na gan ka. In ka sake kiran sunan ƙanena a bakinka sai na manta da furfurarka." Na wuce na bar shi a hanya. Munafuki. Duk Digil munafukai ne, jiya suna zaginsa don ya hana, yau suna zaginsa don an yi.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Dawar da ta rage tana cika. Na zaga gonar, ko tsuntsu ɗaya babu. Na kwance gwangwanayen na zubar a bayan gida.

Ban taɓa keken ɗinki ba tun ranar. Ba aiki ne kawai.

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Mutane sun zo daga Yola a mota, masu bincike. Jirgi ya riga ya tafi da Kyaftin ɗinsa, Malam Ɗahiru kuma ya ce shi abin da ya gani a saman ƙarfe kowa ya gani. Aka sauko da wandon. An ce ɗayansu ya sa reza ya farke kalmasar a gaban kowa.

Suka tambayi Baba Tsoho wa ya kawo. Ya ce shi tsoho ne, ido ba ya gani sosai, ƙunshi ya tarar a bakin ƙofa.

Na zauna a gida yini guda da zanin fita a jikina. Duk motar da ta wuce sai in leƙa. Ba wanda ya zo.

Laraba, 9 ga Oktoba, da la'asar

Margret ta zo. Ta gaida Kaka da ladabi, ta wuce ɗakin ɗinki da kwanon sha a rufe da faifai, kamar ta kawo abinci. Ta buɗe ta juye a kan kekena. Yashi. Ya shiga cikin ƙarafan, ya zubo a cinyata.

"Kayanki ne. Baba Tsoho ya share ya tara."



"Sun je asibiti sun tambaye shi. Ya ce musu shi ya gyara wandon da hannunsa, ya ƙara masa nauyi don kada hadari ya sake yaga shi. Mutumin da ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Sun rubuta. Sun dakatar da shi daga aiki."

Na ce, "Ni na roƙe shi ya faɗi haka?"

Ta kalle ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ba ki roƙe shi ba. Kin dai san hanyar da yake bi da yamma." Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Kaka ta kira daga tsakar gida, me Margret ta kawo mana? Na ce ba komai, Kaka, saƙo ne.

Ina jin haushinsa. Wallahi ina jin haushinsa fiye da ranar da ya hana jirgi. Da ya faɗi sunana da na san abin da zan yi, in tsaya gabansu in ce su zo su ga gonata, su gaya mini abin da za su yi in su ne. Yanzu ya rufe mini baki. Kullum haka yake tun yana yaro, ka dake shi ya yi shiru yana kallonka har kai ka rasa inda za ka sa kanka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban je coci ba. Na yini ina fitar da yashi daga keke da gashin kaza. Har yanzu in na taka sai ya yi ƙara.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

An sallame shi. An ce yana tafiya in an riƙe shi. Ido ne ba ya ganin nesa, hannu kuma bai daina rawa ba. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila.

Ban je ba. Ina da aiki a gona.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da yamma

Mun gama girbi. Rumbu bai cika ba amma ya wuce rabi, zai kai mu damina in an yi a hankali. Baba Kalibu ma ya samu. A Digil yanzu ba mai maganar jirgi, sai dai a ce Allah ya taimake mu bana.

Na daka sabuwar dawa na yi tuwo. Kaka ta ci har da neman ƙari, tana cewa rabon da ta ji dawa mai zaƙi haka tun Vandi yana da rai. Ni na ce cikina ne ba daɗi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Na dama kunun sabuwar dawa na zuba a jug na tafi gidansu. Na shirya abin da zan gaya wa Margret in ta tare ni. Ba ta tare ni ba, ta ɗaga labule kawai ta koma madafa.

Yana zaune a kujera kusa da taga, ya rame, rigar da na ɗinka masa tana yawo a jikinsa. Ya ji takuna ya ce, "Adda ce?"

Na ce, "Ni ce. Kunu na kawo, in za ka sha."

Na zuba a kofi na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, kofin yana bugun haƙoransa, kunu ya zube a rigar. Na ce, "Kawo nan, kai ko shan kunu sai ka ɓata wa mutum rai." Na karɓe na riƙe masa a baki, ɗaya hannun a ƙeyarsa, yadda nake yi masa bayan rasuwar Mama.

Ya sha ya ce, "Ta gonarki ce?"

Na ce e.

"Za ta kai ku damina?"

"Za ta kai."

Ya ce, "To madalla." Shi ke nan abin da ya ce. Na jira ya ƙara wani abu, ya zage ni, ya tambaye ni. Bai ƙara ba.

Can rana ta yi ƙasa, ya juya fuska wajen taga yana ƙifta ido. Ya ce, "Adda, duba mini mangwaron can, ni ba na ganin ganyen. Akwai iska?"

Na leƙa. Na ce akwai.

"Daga ina take?"

"Daga duwatsu."

"Tana da ƙarfi?"

Na tsaya ina kallo. Ita ce dai, 'yar iskar nan, ganye yana ɗan motsi, ɗankwalina ko gezau bai yi ba.

Na ce, "Tana da ƙarfi, Seth."

Ya gyaɗa kai ya buɗe baki, na ƙara masa kunu.